Tocilar Baba Tela Da Ta Ƙi Mutuwa

Akwai wani dattijon tela da nake so ku ji abin da ɗan cikinsa ya yi masa. Tun yanzu nake gaya muku, masu bibiyar wannan shafi, da ɓacin rai nake rubutun nan. Wanda yake cin abinci ma gara ya ajiye cokali tukuna.

Baba Tela ake ce masa. Shagonsa yana jikin gidansa, ƙofar tana kallon titi. Shago ne mai zurfi, bakinsa haske, cikinsa duhu-duhu, don taga ɗaya ce, ita ma yadudduka sun rufe rabinta. A can lungu kekensa yake, tsohon baƙin keke na ƙafa, wanda da shi ya ciyar da iyalinsa har suka kawo ƙarfi. Matarsa ta rasu da jimawa. Shagon nan shi ne wurin aikinsa, shi ne kuma wurin hirarsa, makullin ba ya barin aljihun rigarsa.

'Ya'yansa biyu. Babban namiji ne, yana da teburin sayar da tocila da rediyo da wayoyin caji a bakin wata babbar kwata, can gaba da gidan. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ko da yake ban ji labarin wani inji da ya taɓa tayarwa ba. Ƙaramar mace ce, Auta, tana gidan mijinta a wata unguwa mai nisa, sai jefi-jefi take leƙowa.

Injiniya ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon uban. Duk sanda ya wuce sai ya tsaya ya ƙare wa ƙofar kallo, yana auna inda zai rataye kayansa.

Da shekaru suka ja, idon Baba Tela ya fara rauni. Ɗinki bai gagare shi ba, amma zura zare a allura da gyaran kwarkwaro a ƙarƙashin keke sai da haske. Ran nan Injiniya ya shigo gaban mutane yana ɗaga murya, ya miƙa masa wata ƙaramar tocila, irin ta zamani mai farin haske da ake ce wa LED.

"Baba, ga wannan. Sabuwa dal. Irin wannan ko manyan mutane sai sun yi oda."

Dattijo ya yi ta sa masa albarka. Ya ji daɗin tocilar ƙwarai. In zai gyara kwarkwaro, sai ya cije ta da haƙora, hannayensa biyu su samu damar aiki. In ya gama ya kashe, ya jefa ta a durowar keke.

Ba a daɗe ba ya lura da wani abu. Duk lokacin da ya ɗan janyo durowar, sai ya hango wani ɗan haske dishi-dishi a idon tocilar, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya danna makunni, ta kama sosai. Ya sake dannawa, ta mutu, amma ɗan hasken nan yana nan. Batir kuwa ba ya daɗewa.

Ya kira ɗansa. "Tocilar nan taka ba ta mutuwa. Ko na kashe, tana ci."

Injiniya ya karɓa. Maimakon ya duba ta a lungun da uban ya gani, sai ya fita da ita har bakin ƙofa, inda rana take dukan ƙasa. Ya ɗaga ta sama, ya kira maƙwabta biyu da ke zaune a benci.

"Jama'a, don Allah akwai wanda ya ga haske a nan?"

Suka leƙa, suka girgiza kai. A cikin wannan rana ko ashana ka ƙyasta da ƙyar za a gani, balle wannan.

"Ka gani ko, Baba? A mace take. Idonka ne."

"To batirin da yake ƙarewa fa?"

"Mantawa kake yi ka bar ta a kunne."

Daga nan Injiniya ya samu abin yi. Duk inda ya zauna sai ya langaɓe kai, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Baba fa ya fara rikicewa. Yana ganin haske a inda babu. Yana mantawa da kashe abu. "Yau tocila ce," in ji shi, "gobe dutsen guga zai bari a jone, a cikin shago cike da yadi. Mu da muke kwana a gidan nan fa?"

Ku dubi irin wannan magana. Wa zai ji ta bai tsorata ba? Kuma da muryar tausayi yake faɗinta, har wasu suna yaba masa, wai ɗa nagari mai kula da mahaifi. Tir!

Magana ta zaga unguwa. Masu kawo ɗinki suka fara ja da baya. In Baba Tela ya ce wa mutum yadinsa ba zai isa riga da wando ba, sai a yi masa murmushin nan da ake yi wa ƙaramin yaro, a naɗe yadin a tafi wani wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, dattijon da kansa ya fara yarda. Sai ya kulle shago, ya kai tsakar gida, ya dawo ya buɗe ya taɓa dutsen guga. Ya sake kullewa, ya sake dawowa. Ya daina buɗe durowar nan gaba ɗaya, don tsoron abin da zai gani. Mutumin da ake jin dariyarsa daga titi ya koma shiru-shiru.

Injiniya ya kai maganar gaban Baffa, wan Baba Tela, wanda shi ne babba a dangi. Baffa mutum ne mai faɗa amma mai gaskiya. Ya ce a zauna a ƙarshen mako, a karɓi makulli cikin mutunci, a bar Tela ya huta. Aka aika wa Auta ta zo.

Auta ta riga ranar zama zuwa. Ta samu uban a shago, keke a rufe, yana zaune ya zuba tagumi.

"Baba, me nake ji haka?"

"Abin da kika ji ɗin nan ne, Auta. Tsufa ya zo. Wai har abin da babu nake gani."

"Wai, ko kuwa kana gani?"

Ya ce, "Ni dai ina gani. Amma kowa ya ce babu."

"A ina kake ganin?"

"A durowa."

"Su kuma a ina suka duba?"

"A bakin ƙofa."

Auta ta janyo durowar. Ta ɗauko tocilar, ta tabbatar a kashe take. Ta janyo wani baƙin yadi mai kauri daga kan kanta, ta ninka shi biyu, ta lulluɓe kanta da tocilar a ciki. Da farko duhu kawai. Ta yi haƙuri ta jira idonta ya saba. Can sai ga shi, ɗan farin haske siriri a tsakiyar ƙwan.

Ta yaye yadin, idonta ya kawo ruwa. "Baba, wallahi tana ci. Na gani da idona."

Dattijo ya kama gefen keke. "Ki ce wallahi."

"Na ce wallahi, Baba. Zo ka shigo mu gani tare."

Uba da 'ya suka cusa kai cikin yadi ɗaya. Da suka fito, bakinsa na ta maimaita alhamdulillahi.

Auta ta ce ba za ta tsaya nan ba, sai ta san dalili. Suka bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance murfin baya, ta zare batir, ta koma cikin yadi. Haske ya ɗauke nan take. Ke nan ba ƙwan ne yake riƙe sauran haske ba, wuta ce take isa gare shi. Ta sa sabon batir, haske ya dawo, ashe ba laifin batir ba ne. Ta ɗan sassauta murfin kaɗan, haske ya ɗauke. Ta ɗaure, ya dawo.

"To saura makunnin," in ji Baba Tela. Muryarsa ta fara komawa ta mai sana'a. Ya ciro ɗan sukundireban da yake gyaran keke da shi, ya ɓalle zoben da ya riƙe makunnin.

Jama'a, abin da ya fito daga ciki!

Wari ne ya fara dukansu, irin warin kwatar da ta kwana ba ta gudu ba. Baƙin taɓo ya daskare a jikin sifirin, tsatsa ta yi kore-kore da fari-fari a kan ƙarfen, ga danshi har yanzu bai gama bushewa ba. A lungu ga busasshen ƙwan kyankyaso, da wani silin gashi da ba a san na wa ba. Auta ta toshe hanci ta kawar da kai.

Baba Tela ya ƙura wa abin ido. Sai ya tuna inda yake sa wannan gefen tocilar kullum in zai gyara kwarkwaro. Ya miƙe da sauri ya fita bayan shago. Auta tana jin kakarinsa, tana jin yana kurkure baki yana tofarwa, ya sake kurkurewa.

Ga bayanin abin, ga mai son sani. Irin waɗannan ƙwayaye na zamani ba sa buƙatar wuta mai yawa kafin su nuna haske. In datti mai danshi ko tsatsa ya haɗe ƙarafan makunni, ko ka kashe wuta tana zurarewa kaɗan-kaɗan ta cikin dattin, kamar famfon da aka rufe yana ɗiga. Shi ne ɗan hasken, shi ne kuma yake shanye batir.

Da Baba ya dawo, suka kankare taɓon da tsinken allura, suka wanke da tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit, suka shanya a rana har ya bushe ƙayau. Suka mayar. Auta ta koma cikin yadi ta daɗe. Duhu baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu.

"Amma ta yaya ruwan kwata ya shiga sabuwar tocila?" ta tambaya.

Baba ya ce bai sani ba, sai dai ya tuna a daminar da ta wuce kwata ta yi ambaliya ta shanye ƙasan teburin yayanta, har da kwalayen kaya.

Har zuwa lokacin Auta ba ta zargi ɗan'uwanta da komai ba. A ranta cewa take yi zai yi murna in ya ji Baba lafiyarsa ƙalau. Ta gyara mayafi ta nufi teburinsa don ta yi masa albishir.

Ta tarar da wani bakanike, hannu duk baƙin mai, yana ta faɗa. Ta tsaya daga baya, Injiniya bai gan ta ba.

"Na ce maka tocilar nan ba ta mutuwa! A ƙarƙashin mota nake aiki, ina ganinta. Batir kuma kamar ana sha da cokali."

Injiniya ya yi dariya. "Haba maigida, kai ma dai. Ai haka ake yin su yanzu. Wannan ɗan hasken an sa shi ne don ka gane inda take a cikin duhu. Duk na kwalin nan haka suke. Ci gaba ne."

Bakanike ya yi tsaki, ya wurga tocilar a kan tebur, ta gangaro ƙasa, ya yi tafiyarsa. Injiniya ya juya yana neman wani abu a kwali. Auta ta sunkuya ta ɗauke ta, ta juya gida.

Duk na kwalin haka suke. Ashe ya sani. Ya wanke bayan kayan da suka kwana a kwata, ya goge, ya mayar a leda. Ya san suna ci ko an kashe. Ya kalli ubansa ido cikin ido ya ce masa idonka ne.

Ba ta gaya wa Baba ba. Ta kasa.

Ranar zama aka shimfiɗa tabarma a cikin shagon, da hantsi. Baffa yana kan kujera, Injiniya ya sha wanka ya zauna kusa da shi, fuskar nan cike da jimami na ƙarya. Ya yi dogon bayani a kan haƙƙin iyaye, da yadda ba ya iya barci saboda tunanin Baba. Har da goge ido.

Baffa ya juya wajen ƙaninsa. "Tela, ka ji. Ba wulaƙanci ba ne. Kawo makullin."

Auta ta ce, "Baffa, a yi mini afuwa. Ina roƙon alfarma ɗaya kafin nan."

Injiniya ya harare ta. "Ke, manya na magana."

"Bar ta," in ji Baffa. "Mene ne?"

Ta miƙa masa tocilar bakaniken. "Ka duba, a kashe take ko?"

Ya danna ta kama, ya danna ta mutu. "A kashe."

"To ka daure ka shiga cikin yadin nan da ita."

"Ni? Da girmana za ki lulluɓe ni kamar kejin kaji?"

"Don Allah, Baffa. Ɗan lokaci kaɗan."

Ya yi ƙunƙuni, ya cire hula, ya shiga. Injiniya ya fara gyara zama. Can sai murya ta fito daga cikin yadi.

"Kai! Kai! Abin nan yana ci!"

Ya yaye yadin yana ƙifta ido. "Tela, ashe gaskiyarka ce! Kai Injiniya, mene ne wannan?"

Injiniya ya daburce. Ƙaryar da bakinsa ya saba yi wa masu saye ita ta riga hankalinsa fitowa.

"Ai Baffa, haka ake yin su. Duk irinsu suna da wannan ɗan hasken, don a gane inda..."

Ya tsaya. Amma ya riga ya makara.

Baffa ya mayar da hularsa a hankali. "Haka ake yin su. Ke nan ka san da hasken."

"A'a, wato, abin da nake nufi..."

"Ka san da shi, ka zo har gidana ka ce mini ɗan'uwana yana ganin abin da babu?"

Auta ta warware wata 'yar takarda da ta ƙunshe dattin da suka kankaro, ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ta faɗi abin da suka tarar a cikin makunni, da abin da ta ji a bakin tebur. Baffa ya leƙa, warin ya buge shi, ya ja baya yana salati.

"Wannan ka ba ubanka yana sa wa a baki? Allah wadaran hali irin naka!"

Injiniya ya fara borin kunya, wai Auta ce ta haɗa masa tuggu, wai dama ba ta ƙaunarsa. Ya yi ta magana har maganar ta ƙare masa, ya yi tsuru-tsuru.

Sai Baba Tela ya ɗago kai ya kalli ɗansa. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Akwai abin da su Yaya ba su sani ba. Ranar nan na same ka a ɗakinka, mu biyu kawai. Na riƙe hannunka. Na ce maka ina jin tsoro, kada in wayi gari ban gane 'ya'yana ba. Na yi kuka a gabanka, abin da ban yi ba ko ranar da uwarku ta rasu. Ka tuna me ka ce mini?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ka dafa kafaɗata, ka ce, 'Baba, haka tsufa yake, ka saki komai ka bar mana.' A lokacin nan ka sani?"

Baba ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Tambayarka nake yi."

"Na sani, Baba."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya kawar da kai yana kallon bango.

Dattijo ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. Ya juya shi a tafin hannunsa. Injiniya ya ɗago ido, kuma ku yarda da ni, har a wannan lokacin makullin yake kallo.

"Ka san wani abu?" in ji Baba Tela. "Bayana ya gaji da keken nan. Tun bara nake tunanin in koma zaure da ɗan ɗinkina, in bar maka nan, don kullum in na ga teburinka a bakin kwata raina ba ya daɗi. Jira kawai nake yi ka zo ka ce, 'Baba, ina so.' Da ka faɗa, wallahi ko kwana ba za a yi ba. Da hankalina zan ba ka, in sa maka albarka a kai. Amma kai ka fi so ka karɓa daga hannun mahaukaci."

Ya mayar da makullin aljihu.

"Tashi ka fita mini daga shago. Ina da ɗinkin mutane."

Injiniya ya miƙe. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, amma uban ya riga ya yaye murfin keke, ya ɗora ƙafa. Ƙarar keken ce ta raka shi har titi.

Darasi: In babba ya ce ya ga abu, ka je ka tsaya a inda ya tsaya ka duba, kafin ka ce tsufa ne. Wanda ya san gaskiya ya bar mahaifinsa yana shakkar hankalinsa don abin duniya, ya yi ƙazantar da sabulu ba ya wankewa, kuma sau da yawa abin da ya bi ta ƙarya yana nema, dama nasa ne da ya roƙa da ladabi. In akwai dattijo a gidanku da aka daina sauraro, yau ka zauna ka saurare shi. Ka tura wannan ga 'yan'uwanka, wataƙila wani ya farga tun iyayensa suna raye.